Kunyar 'Yar Fari

Katangar da ta raba gidan Alhaji Musa da gidan da Malam Shawulu yake haya ba ta da tsawo. Idan Tanko ya tsaya a gindin mangwaro yana wanke mota, duk abin da aka faɗa a can gefen yana jinsa sarai. Da yamma yake wanke motar, kuma da yamma 'yarsa Rahma take shiga gidan can yin karatu.

Tanko direban Alhaji ne. Daga wani ƙauye a ƙasar Birnin Kudu ya zo Kano tun yana saurayi, ya yi yaron mota, ya koyi tuƙi, har Allah ya haɗa shi da Alhaji, aka ba shi ɗakuna a bayan gida a nan Nassarawa GRA. Nan ya kawo matarsa Talatu, nan aka haifi Rahma, daga baya aka haifi ƙanenta Anas. Amma duk layin, Baban Anas ake ce masa. Ba mai ce masa Baban Rahma, don an san ba zai amsa ba.

A garinsu uba ba ya kama sunan ɗan fari. Ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya yabonsa, ba ya zama ya yi hira da shi. Idan sha'anin yaron ya taso, wan uba ko ƙanensa ne yake tsayawa. Haka mahaifin Tanko ya yi wa babban wansu har ya bar duniya, kuma ba wanda ya taɓa cewa ba ya son sa. Tanko ya riƙe wannan da kyau. Tun ranar suna, da liman ya faɗi sunan yarinyar, bai taɓa maimaita shi da bakinsa ba. In zai kira ta, "ke" yake cewa. In zai yi maganarta, "yarinyar nan". Talatu ma haka take yi, sai dai ita uwa ce, tana yi mata kitso, suna raba kwano.

Malam Shawulu kuwa mutumin Wusasa ne ta Zariya, Kirista, malamin lissafi a makarantar da Rahma take zuwa a Giginyu. Matarsa Tamar tana aikin jinya. 'Yarsu Loretta sa'ar Rahma ce, ajinsu ɗaya, tare suka taso tun suna wasan ƙasa a bakin ƙofa.

Wata yamma Tanko yana goge gilashin mota, ya ji muryar Shawulu ta bayan katanga.

"Rahma, sake duba wannan layin. Akwai abin da kika bari a hanya."

Sai muryar Rahma.

"Na gani, Baba. Ban juya alamar ba."

"Yauwa, 'yata. Loretta, kin ga yadda ake yi? Ke kuma tun ɗazu kina cin gindin biro kamar rake."

Yaran suka tuntsire da dariya. Tanko ya tsaya da tsumma a hannu. Ya san dariyar Loretta, kullum ana jin ta. Ɗayar ce bai sani ba. A gida Rahma ba ta dariya haka. In ya shigo, durƙusawa take ta gaishe shi, idonta a ƙasa, ta ajiye masa ruwa ta fita. Shi ma Baba take ce masa, amma ba irin wannan Baban ba. Nasa gajere ne, kamar mai tsoron kada a ji. Na Shawulu kuwa har ja take yi.

Ya ci gaba da goge gilashin da ya riga ya bushe.

A shekarar ne aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, ba a daɗe da komawa mulkin farar hula ba. Ko ina ka zauna maganar ke nan. A bakin get ɗin Alhaji akwai benci inda masu gadi da direbobin layin suke taruwa bayan la'asar, rediyon Ya'u mai gadi a tsakiya. Ya'u mutumin Katsina ne, dogo, mai son magana, kuma tun da aka fara zancen Shari'a ya zama kamar shi aka ba wa riƙonta a layin.

"Yanzu kowa zai san matsayinsa," in ji Ya'u ran nan, yana buga sandarsa a ƙasa. "Wannan cakuɗeɗeniyar ta ƙare. Su can, mu nan. Ni ko gaisuwa ma rage ta zan yi."

Bai rufe baki ba sai ga Tamar ta sauka daga acaɓa, ta dawo daga aiki da farin kayanta. Ya'u ya miƙe tsaye har yana ture rediyo.

"Maman Loretta, sannu da dawowa. Ya aiki? Maganin nan da kika ba mai ɗakina, wallahi ta ji daɗinsa. Jirin ya tafi."

"Alhamdu lillahi, Malam Ya'u. Ka ce mata ta rage gishiri. Gobe zan leƙo in sake gwada ta."

"Allah ya saka da alheri. A gaida Malam."

Ta shige. Ya'u ya zauna yana gyara hula. Mutane suka dube shi, aka fashe da dariya.

"Ashe haka ake rage gaisuwa a Katsina," in ji Tanko.

Ya'u bai ji daɗi ba. Ya dubi Tanko a kaikaice.

"Ni magani na karɓa, Direba. Ban ba su 'ya ba. Kai kuwa taka ma ba a san ta wace ce ba. Jiya ina ji tana kiran Malam Shawulu Baba tun daga bakin titi, har da gudu ta karɓi jakarsa. Kai ta taɓa karɓar maka ko da makullin mota?"

Aka sake dariya, amma ba da yawa ba. Tanko ya yi murmushin da bai kai ciki ba. Da aka kira magariba ya riga kowa tashi.

Bayan salla ya tarar da Rahma a ƙofar ɗaki tana tsince shinkafa.

"Ke."

Ta ajiye faranti ta durƙusa.

"Daga yau kada in sake ganin ƙafarki a gidan can."

Ta ɗago kai, abin da ba ta cika yi ba. "Baba, jarrabawa saura kaɗan."

"Ki yi karatunki a nan. An kawo Shari'a, ke kuma kin girma. Ba a shiga gidan da ba na Musulmi ba haka kawai."

"To, Baba."

Ta ɗauki farantinta ta shiga ciki. Talatu, da take gefe tana hura gawayi, ta bari sai da yarinyar ta yi nisa.

"Baban Anas, yaushe gidan Malam Shawulu ya zama haram?"

"Ba ki jin rediyo ne?"

"Ina ji. Ban ji inda aka ce maƙwabci ya daina zama maƙwabci ba. Kai da duk Kirsimeti kake cinye cincin ɗinsu kafin yara su gani? Da Babbar Salla wa yake kai musu cinya da hannunsa? Ranar da Anas ya shiɗe, ƙofar wa ka buga?"

"Wannan daban."

"To. Allah ya sa daban ɗin ne."

Ta ci gaba da fifita wutarta.

Daga ranar bayan katanga ya yi shiru. Sai muryar Loretta ita kaɗai, tana karanta tambaya tana hamma. Tanko ya zaci zai ji sanyi, bai ji ba. Rahma ta koma karatu a kan tabarma a ƙofar ɗaki, ta yi rubutu ta soke, ta sake yi ta soke. Wani lokaci yakan wuce ta gabanta a hankali, ya saci kallon littafin. Lambobi ne da haruffan boko a cakuɗe. Shi aji huɗu ya tsaya a firamare, ko da ya durƙusa kusa da ita ba abin da zai iya ce mata. Wancan mutumin kuwa kallo ɗaya yake yi ya ce ga inda kika ɓata.

Akwai abin da ba wanda ya sani, har Talatu. Tun rikicin da aka yi a Kaduna a farkon shekarar, hankalin Tanko bai kwanta ba. Kullum da safe, in ya sauke 'ya'yan Alhaji a makarantarsu, ba ya komawa gida kai tsaye. Sai ya zagaya ta Giginyu, ya faka nesa da makarantar su Rahma, wajen mai faci, ya zauna a mota har ya ga ta shiga get. A cikin yara masu farin hijabi iri ɗaya yana gane ta daga tafiya, don tana ɗan jan ƙafar hagu kamar mahaifiyarsa. In ta shige sai ya tada mota. Bai taɓa yi mata ham ba, bai taɓa ɗaga mata hannu ba.

Wata safiya aka tashi da ruwa. Yana fitowa da mota ya ga Shawulu a bakin titi, ya ɗora jaka a ka, wandonsa ya jiƙe har gwiwa. Tanko ya ce a ransa wucewa zai yi. Ƙafarsa ta taka birki.

"Shigo, Malam, kada ka narke."

"Allah ya yi maka albarka, Malam Tanko. Yau da na isa aji kamar kazar da ta faɗa rijiya."

Suka yi hirar ruwa da ta ramukan titi da 'yan siyasa suka yi alkawarin cikewa. Shawulu bai tada maganar Rahma ba. Wannan ma ya ba Tanko haushi. Da ya tambaya, da ya samu abin faɗa.

Aka yi jarrabawa aka gama. Ana saura 'yan kwanaki a yi hutu, Tanko yana gindin mangwaro da bokiti, sai ga Shawulu ya shigo ta get, ba ta katanga ya leƙo ba kamar yadda ya saba. Ya sa riga mai dogon hannu. Suka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi Alhaji.

"Magana ce ta kawo ni," in ji Shawulu. "Ran Asabar za a yi bikin ba da kyaututtuka a makaranta. Rahma ce ta ɗaya a lissafi a duk ajinsu."

Wani abu ya taso wa Tanko a ƙirji, mai daɗi, ya danne shi. Ya matse tsumma a bokiti.

"To, madalla."

"A makarantarmu, in an kira yaro, uba ko wanda ya tsaya masa yakan fito su karɓa tare. Jiya ta same ni a ofis ta ce in tsaya mata. Na ce ba zan amsa ba sai na zo wajenka."

Tanko ya miƙe a hankali.

"Ita ta ce ka tsaya mata?"

"Ita ta ce."

"Ba ta da uba ne?"

"Abin da na tambaye ta ke nan. Ta ce Baba ba zai zo ba, bai taɓa zuwa ba. Ta kuma tambaye ni wani abu. Ta ce, Baba Shawulu, me na yi wa Babanmu? Anas yana hawa wuyansa, ni ko sunana ban taɓa ji a bakinsa ba."

"Kai Bahaushe ne, Malam. Ka san kunyar ɗan fari. Sai ka gaya mata."

"Na sani, mana. Ni ma ɗan fari ne. Tsohona har ya rasu 'wannan yaron' yake ce mini, ko muna coci ko muna gona. Amma ni a garinmu na taso, duk ɗan farin da na sani haka ake yi masa, ban taɓa ɗauka ƙi ba ne. Ita fa a nan ta buɗe ido. 'Ya'yan Alhaji tana gani yana kiran babbarsu da suna, har ya sa ta a gaban mota. Loretta tana gani. Ta san al'adar da ka, an gaya mata. Amma abin da ke cikin zuciyarka ba ta ganinsa, Malam Tanko. Abin da kake yi take gani."

"Kai kuma abin da kake yi ya fi kyau ke nan."

"Ban ce ba."

"Ka ce mata 'yata, ka ce mata yauwa. Abu ne mai sauƙi ga wanda bai haifa ba."

Shawulu bai yi fushi ba. Ya dubi ƙasa, ya ture wani ɗanyen mangwaro da takalmi.

"In ka ce kada in tsaya, ba zan tsaya ba. Ka zo da kanka, shi ya fi."

Tanko ya hango kansa a gaban taro, ana kallonsa yana tsaye kusa da 'yar fari yana washe baki. Ya tuna wansa da ke ƙauye, da abin da za a ce in labari ya kai. Kunya ta rufe shi tun daga nan.

"Tunda kai ta zaɓa, ka tsaya mata," ya ce. Ya juya ya watsa wa taya ruwa.

Da ya gaya wa Talatu, yana jira ta taya shi jin haushi. Ita kuwa ta ci gaba da ninke kaya.

"To, ai daidai ta yi."

"Daidai?"

"Ba haka ake yi a garinku ba? Sha'anin ɗan fari wani ne yake tsayawa. Yaya yana ƙauye, damina ce, ba zai bar gona ba. Wa ya rage mata a garin nan? Ya'u?"

"Ko Ya'un ai Musulmi ne."

"Baban Anas, ka bar Musulunci ya huta a maganar nan. Da liman ta zaɓa ma haka za ka kumbura."

Ya ɗauki buta ya fita.

Ran Asabar Alhaji yana Abuja taron jam'iyya. Tanko ya ce wa Hajiya, matar Alhaji, zai kai ƙaramar mota a duba birki. Ya sa tsohuwar rigarsa ta aiki don kada Talatu ta yi tambaya. Rahma ta riga ta fita tun da safe. Ya faka wajen mai facin nan, ya daɗe a zaune. Daga baya ya kulle mota ya bi ayarin iyaye ya shiga.

An kafa rumfuna a filin makaranta, maza gefe, mata gefe, yadda aka fara yi a shekarar. Bai zauna ba. Ya tsaya can baya, jikin wata bishiyar darbejiya, tare da masu sayar da ruwan leda. Babban baƙo, wani kansila, ya zo a makare, ya yi dogon jawabi a kan ribar dimokuraɗiyya har yara suka fara gyangyaɗi. Hadari yana haɗuwa ta gabas.

Aka fara kiran sunaye. Da aka zo lissafi, mai sanarwa ya gyara murya a lasifika.

"Ta ɗaya, Rahma Tanko."

Tanko ya ji sunansa ya fito daga lasifika, manne da nata, ya bazu a duk filin. Ƙafarsa ta motsa da kanta. Sai ya ga Shawulu ya taso daga layin malamai yana gyara wuyan riga.

Rahma ta fito tana ɗan jan ƙafar hagu. Aka tafa. Kansila ya miƙa mata wani ƙunshi a takarda mai ƙyalli, Shawulu yana gefenta, yana murmushi har kunne. Ya sunkuya ya faɗa mata wata magana, ta rufe baki da hijabi tana dariya. Mai hoto ya durƙusa a gabansu, muryarsa ta shiga lasifikar da aka manta ba a kashe ba.

"Baba, ɗan matso kusa da 'yarka. Yauwa. Kai, kun yi kama."

Wasu malamai suka yi dariya. Wani mai ruwan leda da ke kusa da Tanko ya ce, "Allah sarki, ka ga uba ya ji daɗi."

Tanko ya dubi hannayensa, duk sabulun mota ya farfasa su. Shi ya yi ta zirga-zirga a asibiti ranar da aka haife ta, yana kunyar tambayar ko mace ce ko namiji. Shi yake zama wajen mai faci kowace safiya. Amma hoton da za a rataye a bango, wani ne a ciki.

Ba a kai ga rufe taro da addu'a ba iska ta taso. Rumfa ɗaya ta ɗaga, kujeru suka fara faɗuwa, aka fara yayyafi mai ƙarfi. Mutane suka yo get gaba ɗaya. A waje 'yan acaɓa sun cika titi suna ham, motoci sun cushe, yara suna tsallakawa ta ko ina.

Tanko ya fito yana dube-dube. Ya hango Shawulu da Tamar da Loretta a wannan gefen, sun fake a rumfar wani mai shago. Rahma ba ta tare da su. Can ya gano ta, cunkoso ya raba su, ta yi gaba. Ta ɗauka sun tsallaka, tana bakin titi ta rungume kyautarta a ƙirji, tana shirin kutsawa tsakanin babura. Ta ba shi baya.

"Ke," ya ce.

Ruwa da ham suka cinye maganar.

"Ke! Ke yarinya!"

'Yan mata da yawa suka waiwayo, duk da farin hijabi, suka dube shi suka kau da kai. Ita ba ta waiwayo ba. A gida ita kaɗai ce ke. A nan kowa ke ce.

Shawulu ya ji muryar, ya juyo ya ga Tanko, ya bi idonsa ya hango yarinyar. Tanko ya ga ya ɗaga hannu, ya ja numfashi zai kira ta. Ko wannan ma Shawulu ne zai yi masa. A gabansa, yana tsaye.

"Rahma!"

Da ƙarfi ya fito daga bakin Tanko, fiye da yadda ya nufa, har wata mata da ke kusa ta dafe ƙirji. Sunan ya yi masa baƙo a baki, kamar ya tauna abin da bai taɓa ci ba.

Rahma ta tsaya cak, ƙafa ɗaya a kan kwalta. Wani ɗan acaɓa ya wuce ta gabanta yana zagi. Ta juyo. Wajen Shawulu ta fara dubawa. Shawulu ya sauke hannunsa, bakinsa a rufe, ya nuna mata da haɓa. Sai ta ga mahaifinta a tsaye cikin ruwa, da tsohuwar rigar aiki.

Ta tako a hankali har gabansa. Ta fara durƙusawa a cikin taɓo.

"Tashi, tashi," ya ce. "Mota tana can."

Ya dubi su Shawulu. Ya so ya ɗauki 'yarsa su tafi su biyu. Amma ruwa ya tsuge, Tamar ta lulluɓe Loretta da gyalenta.

"Malam, ku taho mana. Tsayuwar me kuke yi?"

A wajen mota Shawulu ne ya kamata ya shiga gaba. Sai ya buɗe baya ya tura matarsa da 'yarsa, ya bi su ya rufe ƙofa. Rahma ta tsaya tana duban kujerar gaba. Ba ta taɓa zama a nan ba.

"Shiga, kina jiƙa mini kujera tun ba ki zauna ba," in ji Tanko.

Suka kama hanya a hankali, abin share gilashi yana kai da kawowa. Tanko yana jin ta a gefensa, tana satar kallonsa. Ya nemi sunan a bakinsa ya sake faɗa, ya ƙi fitowa.

"Me aka ba ki?"

Ta warware takardar a hankali don kada ta yage. Ƙamus ne babba, da akwatin kayan lissafi na ƙarfe.

"Wannan na auna kwana ne, Baba. Wannan kuma na zana da'ira. Baba, yaushe ka zo?"

"Birki na kawo a duba."

"A makaranta?" in ji Loretta daga baya. Uwarta ta mintsine ta.

"Tun kafin kansila ya zo yana nan," in ji Shawulu. "Na gan shi a gindin darbejiya. Kuma mai facin can ya ce mini ya gaji da ganin motar nan kullum da safe, ba a taɓa ba shi ko faci ɗaya ba."

Tanko ya harare shi ta madubi. Rahma ta dubi mahaifinta, ta daɗe, sannan ta mai da ido kan ƙamus ɗinta tana shafa bangonsa.

Da suka shigo layinsu, Tanko ya yi gyaran murya.

"In an koma makaranta, a ci gaba da karatun yamma."

"Na gode, Baba."

"Amma a gidanmu. Akwai benci a gindin mangwaro. Malam ya riƙa zagayowa, shi da Loretta."

"Shari'ar ce ta ce haka?" in ji Shawulu.

"Ni na ce."

"To, za a riƙa ba malami shayi?"

"In ya rage surutu."

Tamar ta yi dariya. Ya'u ya buɗe get yana riƙe da buhu a ka, ya leƙa ya ga wadda ke zaune a gaba, ya buɗe baki, Tanko ya wuce shi bai tsaya ba.

Da suka sauka, su Shawulu suka yi godiya suka ruga gidansu. Rahma ta tattara kayanta. Har ta kama hanyar ɗaki ta dawo, ta miƙa hannu biyu.

"Baba, kawo makullin in kai maka ciki."

Ya ba ta. Ya tsaya a gindin mangwaro yana kallonta har ta shige, ruwa yana ɗiga masa daga ganye. Wajen Shawulu ta fara dubawa ɗazu. Wannan bai bar ransa ba, kuma ya san ba yau zai bari ba. Ya ɗauko tsumma daga but ya goge bencin da ke jikin katanga, duk da ruwa bai tsaya ba. Sannan ya ja shi ya matso da shi kusa da inda yake wanke mota.